Wa Zai Yanka Tauren Babanka

Unguwar Marke, Roni
Farkon Nuwamba

Ɗana Tanko,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aikin ikilisiya, yaya mutanen Zariya? Tarin nan da kake fama da shi ya sake ka kuwa? Mu nan lafiya lau, sai kewa. An gama cirar gyaɗa, dawa ma ta kusa shiga rumbu. Yayarka Keziya ta zo daga Gwiwa ta taya ni aiki, ta koma jiya.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Daudu direba, alhali ga waya a aljihunka. To, wayar ce ta gajiyar da ni. Rannan ina tsakiyar magana ka ce sabis ya ɗauke. Tanko, ni na haife ka. Na san irin sabis ɗin da ba ya ɗaukewa sai uwa ta fara faɗin abin da ɗa ba ya son ji. A can suna ce maka Fasto Istifanus, suna miƙewa in ka shigo. A nan kai ne Tankon da na samu bayan 'ya'ya mata, kuma za ka karanta wannan takarda har ƙarshe.

Maganar tauren nan ce. Ka san babanka ya sayo shi a kasuwar Kazaure tun yana ɗan ƙarami, kafin ciwo ya kwantar da shi, ya ce na Kirsimetin bana ne. Allah bai nufa zai ga ranar ba. Tauren kuwa ya yi ƙiba har ya raina ni, ya cinye min gefen zanen zumuntar mata da na shanya. Duk safiya in na zuba masa dusa sai na tuna mai shi.

Ka ce tunda yanzu kai ne namiji a gidan, kai za ka yanka shi da hannunka, ba za a kira maƙwabcinmu Malam Haladu ba. Ka ce bai dace ba a gidan Kirista, a bikin haihuwar Mai Ceto, a juya dabba gabas a yanka ta da kalmomin wani addini. Har ka ce kunyar bangaskiyarmu muke ji shi ya sa muke yin haka. Wannan ta ƙarshen ita ta yi min zafi, ba zan ɓoye maka ba.

Ka san dalilin da ya sa ake kiransa. In kai ka yanka, Inna Kaltume matarsa za ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta yi godiya, amma ba za ta kai loma baki ba. Haka gidajen unguwar nan duka. Na ji an ce akwai malamansu da suka halatta musu yankanmu, amma mutanenmu na nan ransu bai kwanta da hakan ba, kuma ba ni ce zan gyara musu karatunsu ba. Shekara sama da talatin shinkafar gidan nan tana zagaya unguwa ranar Kirsimeti, kwanuka suna dawowa a wanke. In ka karɓi wuƙar nan, shi ke nan, an rufe wannan ƙofa.

Kada ka ɗauka uwarka ta yi laushi. Ban taɓa ce wa Kaltume hanyarmu ɗaya ba, domin ban gaskata haka ba, ita ma ba ta gaskata ba. Na yi mata bishara muna ɓarar gyaɗa har bakina ya gaji. Ita kuma duk azumi sai ta ce min tana roƙon Allah Ya shirye ni. Nakan ce mata ni ma kullum da sunanta nake rufe addu'a, sai mu ga wadda za a fara amsa wa. Mu yi dariya, mu ci gaba da aikinmu, amma kowaccenmu ta san ba wasa 'yar'uwarta take yi ba.

Ka tuna ranar jana'izar babanka? Kai kana ciki kana riƙe da ni, ba ka gani ba. Malam Haladu bai shiga majami'a ba, ba zai shiga ba, kuma ba wanda ya sa ran zai shiga. Amma ya tsaya a jikin katanga ana tsuga ruwan sama, da tsufansa, har aka fito da akwatin. 'Ya'yansa ne suka taya samarinmu fasa dutsen da aka tarar a kabarin. Wannan mutumin kake so in bari ya ji a bakin mutane cewa an daina bukatar hannunsa?

Ka yi tunani, ka yi addu'a, ka ba ni amsa a rubuce. Ga ƙuli-ƙuli da yajin daddawa na ba Daudu. Ka duba da kyau, na san halinsa da ƙuli.

Ubangiji Ya kiyaye ka.

Mahaifiyarka,
Afiniki Habila

Unguwar Marke, Roni
Ƙarshen Nuwamba

Tanko ɗana,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Na ji daɗi da ka ce tarin ya yi sauƙi. Ka ci gaba da shan zumar, kada ka ga ka warke ka watsar.

Amsarka ta iso. Na karanta ayoyin da ka jero min duka, na sa tabarau na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban raina karatunka ba, mu muka sayar da gero muka tura ka. Kuma na yi kuka da na zo inda ka ba da labarin mai gidan hayar da ya amince da kai kuna Hausa, da ya ji sunanka sai ya ce an riga an kama ɗakin. Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba? Wannan wulaƙanci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Na kuma ji abin da Muhsin, autan Malam Haladu, ya sa a waya, cewa bai kamata Musulmi ya ci abincin Kirsimeti ba, da irin cacar bakin da kuka yi duniya tana karantawa. Ku da kuka yi kiwon awaki tare, kuka sha duka tare a kan mangwaron mutane! Yanzu shi malamin makaranta a Kazaure, kai fasto a Zariya, kun rasa inda za ku yi magana sai gaban baƙi.

Amma akwai wuri ɗaya a takardarka da ya sa na ajiye ta na riƙe baki. Ka ce tun kana yaro kake lura, duk Babbar Sallah gidan Malam Haladu suna raba naman rago ga kowa, mu kuwa sai washegari a aiko mana da soyayyen zakara. Ka ce ka daɗe da gane cewa ba su ga mun isa cin naman layyarsu ba. Ashe abin da ka girma da shi a ranka ke nan? Haba Tanko. Zauna in ba ka labarin zakaran nan.

Shekarar da aka kawo ni gidan nan, da Sallah ta zo, Malam Haladu ya aiko mana da cinyar rago sukutum. Ina murna har na ɗora tukunya. Babanka ya shigo ya tsaya yana kallon naman, ya ce shi ba zai ci ba. Ya ce layya hadaya ce, shi kuwa ya gaskata an gama hadaya a kan gicciye, zuciyarsa ba za ta bar shi ya ci ba. Na ce to mu karɓa mu yi shiru, mu ba wani a ɓoye, wa zai sani? Ya ce wannan ƙarya ce, kuma ƙaryar da za a riƙa maimaitawa duk shekara. Ya naɗe cinyar nan ya ɗauka da rana tsaka, ya kai ta zauren Malam Haladu.

Ka san abin da ake nufi da mayar wa mutum kyauta a ƙasar nan. Ni dai na shige ɗaki na rufe ƙofa don kunya. Babanka ya durƙusa ya yi godiya, ya faɗi dalilinsa bai rage komai ba. Malam Haladu ya karɓi namansa ya shige gida. Daga ranar sai gaisuwa daga nesa. Kaltume ta daina aiko min da wuta, ni ma na daina leƙa ta. Na yi wa babanka fushin da har tuwo na riƙa ba shi ba man shanu.

Da wata Sallar ta zagayo, ba mu sa ran komai ba. Washegari sai ga Malam Haladu da kansa a ƙofar gida da kwano a hannu. Ya ce wa babanka wannan zakara ne, ba layya ba ne, ba sadaka ba ce, don ciki kawai aka yanka shi, in kuma akwai wata aya da ta hana cin zakara to a karanto masa. Babanka ya yi dariya har da hawaye. A tsaye a nan ƙofar gida ya yagi cinya ya ci.

Da Kirsimeti ta matso, sai babanka ya ce mutumin da ya nemo hanyar da zan ci abincinsa ba tare da na saɓa wa zuciyata ba, ni ma sai na nemo hanyar da zai ci nawa. Ya je ya roƙe shi ya zo ya yi mana yanka. Na tambaye shi, kai da ka mayar da cinya, yanzu kuma ka yarda a juya maka akuya gabas? Ya ce akuyar Kirsimeti ba hadaya ba ce, ba mu miƙa ta ga kowa ba, abinci ce kawai. Inda abu ya taɓa sujadarsa ba ya matsawa ko taki ɗaya, kuma a gaban idon mutum zai faɗa. Inda kuwa maganar tukunya ce, to a buɗe ƙofa kowa ya ci. Kuma ka sani, ba a taɓa sa wa dabba wuƙa a gidan nan ba sai babanka ya ɗora mata hannu ya yi godiya cikin sunan Yesu da ƙarfi, Malam Haladu yana tsaye da wuƙa a bayansa yana jira a ce amin. Wannan ne mutumin da ka ce yana jin kunyar bangaskiyarsa?

Akwai 'yan ikilisiyarmu da suke cin naman layya hankalinsu kwance, babanka bai taɓa zaginsu ba. Ba a ba ku labarin nan ba saboda shi ba ya son a yi ta yayata abin da ya yi, Malam Haladu kuma ba ya son a tuna masa ranar da aka mayar masa da nama. Zakaran da ka ɗauka raini ne, Tanko, ba a taɓa girmama gidan nan da abin da ya kai shi ba.

Na gaji da rubutu, yatsuna sun ƙage. Ka gaida mai gidan da ya ba ka ɗaki daga baya, ka ce uwarka tana sa masa albarka.

Taka har kullum,
Afiniki Habila

Unguwar Marke, Roni
Tsakiyar Disamba

Tanko,

Salama a gare ka. Ina fata shirye-shiryen biki ba su hana ka cin abinci ba. Daudu ya ce ya ga ka rame, ko da yake shi kowa ramamme ne a idonsa in ba a ba shi na goro ba.

Ba ka amsa takardata ba. Da ka kira, lafiyar ƙafata kawai ka tambaya da ranar da za ka taso. Ban matsa maka ba, na san ka tun kana goye, in abu yana cinka shiru kake yi.

Abin da nake tsoro ya faru. Magana ta kai kunnen Malam Haladu, ban san ta bakin wa ba. A ikilisiya ma an rabu biyu a kanta, wasu samari suna cewa ka yi daidai, har wata ta tare ni bayan sujada tana yaba min jaruntakarka. Na ce mata ta bari a ga ƙarshen abin tukuna. Jiya da hantsi Kaltume ta shigo, ta zauna a kan turmi, muka gaisa kamar kullum. Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce Malam ya ce a ba ni haƙuri, bana hannunsa yana rawa, ba zai iya riƙe wuƙa ba, a nemi wani.

Ka gane abin da ya yi? Ya janye kansa ne don kada ka sha nauyin hana shi, kada ni kuma in sha kunyar rashin kiransa. Ya ɗauke mana kayan ya ɗora wa hannunsa. Na ce Allah Ya ba shi lafiya, ta ce amin. Ba wadda ta kalli idon 'yar'uwarta. Tun da nake da Kaltume ba mu taɓa yi wa juna irin wannan zaman ba, zaman baƙi.

Da yamma kuma sai ga babbar tukunyarta an kawo, wadda nake ara duk shekara in dafa shinkafar unguwa. Bana ban aika a karɓo ba, don ban ga wanda zan dafa wa ba. Ta ce a gaya min, ko su ba su ci ba ai baƙinmu za su ci, kada in takura da ƙananan tukwane. Tanko, na zauna a gaban tukunyar nan na yi kukan da ban yi irinsa ba tun bayan arba'in ɗin babanka. Na rasa miji a damina, ga shi zan rasa ƙawa a kaka, tana nan da ranta, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ga abin da na yanke. Ba zan yi jayayya da kai a gaban mutane ba. Kai ne mai gidan yanzu, kuma ba zan so ka yi abin da zuciyarka ta ƙi don kawai ka faranta min ba, domin babanka ma bai yi haka ba. In ka ga yankan nan zunubi ne, ka yanka da hannunka, zan dafa mana mu ci mu da Keziya da yaranta. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka bar dattijon nan da labarin da ya ji a bakin mutane. Ka taka ka je zaurensa, ka durƙusa, ka faɗa masa da bakinka. In za ka ƙi shi, ka ƙi shi irin ƙin babanka.

Wuƙar tana nan a saman rumbu inda babanka ya saba ajiye ta. Ban taɓa ta ba.

Allah Ya kawo ka lafiya. Ka taho da rigar sanyi.

Mahaifiyarka,
Afiniki

Unguwar Marke, Roni
Janairu

Ɗana abin ƙaunata,

Barka da sabuwar shekara. Na gode wa Ubangiji da ka sauka lafiya. Gidan ya yi min faɗi tun da kuka watse, har tauren nan mai cin zane nake kewa.

Za ka ce me zan ba ka labari a kai alhali kana nan aka yi komai. To, kai ka ga naka ɓangaren, ni na ga nawa, kuma akwai abin da ya faru bayan tafiyarka.

Da safen jajibiri na ji ƙarar wuƙa a kan dutsen wasa. Na leƙa ta jikin zana na gan ka tsugune kana wasa ta, ka sha mur, kamanninka sak na babanka in zai je taron dattawa. Na ce shi ke nan. Na koma na ɗauko ƙaramar tukunya, ta Kaltume kuwa na kife ta a gefe. Sai na ji shiru. Na sake leƙawa, ba kai, ba wuƙa, ga taure yana ta tuƙa abinsa.

Sauran a bakin Kaltume na ji, domin tana bayan ƙofar zaure, kuma ba ta jin kunyar cewa ta kasa kunne. Ta ce ka cire takalmi tun daga waje, ka durƙusa, ka ajiye wuƙar a gaban Malam. Ka ce masa maganar da ya ji gaskiya ce, kai ka faɗe ta, kuma har yanzu akwai abubuwa da yawa na addini da ba za ka taɓa yarda da shi a kansu ba. Ka ce amma ba ka san labarin zakara ba sai bana, kuma ka zo roƙon ya yi wa gidanku abin da ya saba, in ya yarda ka fara yin addu'a kamar yadda babanka yake yi. Ta ce Malam ya dube ka. Can sai ya ce, ashe ba a binne bakin mutumin nan tare da shi ba.

Abin da ni da kai ba mu sani ba, rawar hannun gaskiya ce. Na ɗauka kara ce kawai ya yi mana, ashe abin biyu ne. Na ga yadda ya kasa ɗaga wuƙar da kuka shigo, raina ya sosu da na tuna shekara nawa hannun nan yana yi mana hidima. Da ya juya ya kira Muhsin, na ce yau za a yi ta. Yaron nan ya shigo fuska a ɗaure, ko kallonka bai yi ba. Amma ya zo gabana ya durƙusa, ya ce Mama, zan yi yankan tunda Baba ya ce, kuma yanka ba laifi ba ne, sai dai ki yi haƙuri, ni ba zan ci abincin bikin ba.

Tanko, maganar ta soke ni. Yaron da na goya ranar da uwarsa take zazzaɓi! Har na buɗe baki zan ce masa to ya ajiye min wuƙata. Sai na hango babanka a zuciyata, a tsaye da cinyar rago a hannu. Na ce masa ya tashi, na ji, kuma na gode da ya faɗa min a idona.

Addu'arka kuwa, Fasto, sai da na ce a raina ko wa'azi ka fara. Babanka godiya yake yi ya ce amin. Kai sai da ka zagaya da mu tun daga halittar duniya. Taure har ya daina shure-shure, Muhsin yana ta canza wa wuƙa hannu a bayansa, Malam Haladu a kan kujera yana gyaɗa kai kamar yana auna tsawonta. Amma ya jira. Dukansu sun jira har ka kai amin. Sannan ka danne ƙafafun, Muhsin ya sunkuya, tsohon yana yi muku faɗa ku biyu, kai ba ka iya riƙo ba, shi bai iya saita wuya ba. Na ga lokacin da kuka haɗa ido da Muhsin kuna ƙoƙarin danne dariya, kamar ranar da aka kama ku a gonar mangwaro. Na juya na tayar da tukunyar Kaltume daga kife.

Kwanuka sun fita, sun dawo a wanke. Kaltume ta ce gishiri ya yi yawa a miyar, wato dai mun koma yadda muke. An kai wa Malam wuyan tauren kamar yadda aka saba ba mai yanka, ya ce a miƙa wa Muhsin, Muhsin ya ce a bar wa Baba. Muhsin bai ci ko ƙwayar shinkafa ba, yadda ya faɗa.

To ga abin da ba ka gani ba. Bayan an shiga sabuwar shekara, biki ya wuce sarai, na kama jan zakaran nan mai damun mutane da cara. Na aika aka kai wa Malam Haladu ya sa aka yanka, na soya shi da kaina da yaji da man gyaɗa. Na tare Muhsin da safe yana tayar da babur zai tafi Kazaure. Na miƙa masa kwanon, na ce wannan ba na Kirsimeti ba ne, ba na sabuwar shekara ba ne, don ciki kawai aka yanka shi. Ya tsaya yana kallona. Ashe shi ma bai san labarin ba, sai da uwarsa ta leƙo ta katanga ta ba shi labarin, tana dariya tana share ido da mayafi. Ya kashe babur ɗin, ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya ci har ya makara.

Ban ce ku daina gardama ba, kai da shi. Ku yi, abin da kuke gardama a kansa ba ƙarami ba ne. Amma ka riƙa kiransa a waya ku yi ta ku biyu, ko ka bari sai ka zo ku zauna a dakali.

Ka kula da kanka. Ka rage tsawon addu'a in mutane suna tsaye.

Mahaifiyarka mai alfahari da kai,
Afiniki Habila

Unguwar Marke, Roni
Bayan Babbar Sallah

Tanko na,

Gaisuwa da fatan alheri cikin Ubangiji. Ruwa ya sauka, mun yi shuka, ƙafata da sauƙi. Wannan gajeriya ce, Daudu yana waje yana ta danna min hon.

Sallar nan ita ce ta farko ba babanka. Ban faɗa wa kowa ba, amma na yi ta tunani ko zakara zai zo, tunda wanda aka fara yi dominsa ba ya nan. Malam Haladu kuma jikin ya ƙara tsananta, ba ya fita ko zaure, sai an tayar da shi zaune. Ka sa shi a addu'a. Na ce a raina in ba a aiko ba ba zan ji haushi ba, suna da abin da ya dame su.

Washegarin Sallah da hantsi sai ga sallama. Muhsin ne, da kwano biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na ce ɗaya na wa? Ya ce Baba ne ya ce a yanka biyu bana, ɗaya nawa, ɗaya na mai gidan. Na ce ai mai gidan ya tafi, Muhsin. Ya sunkuyar da kai ya ce a'a Mama, Baba ya ce mai gidan yana Zariya.

Na ƙara soya shi don kada ya lalace a hanya, na sa a kular nan mai shuɗin murfi. Na ƙirga wa Daudu cinyoyin a gaban idonsa. Ka kira Malam ka yi godiya da bakinka, ka ɗaga murya don kunnen ya yi nauyi. Kular ta Kaltume ce, ka wanke ka dawo da ita.

Ka ɗumama kafin ka ci.

Mahaifiyarka,
Afiniki Habila